Girafin da ƙwayoyin jikinku: abin da ya kamata ku sani

Mene ne girafin?

Baƙin abin da ke cikin fensir sunansa girafait, kuma shimfiɗa-shimfiɗa ne na sinadarin kabon, wanda shi ne ainihin gawayi. Idan aka ɓare shimfiɗa ɗaya tak, ita ce girafin. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ware shi a Jami'ar Manchester ta Ingila a 2004, da salatif kawai, suka kuma samu kyautar Nobel a 2010. Kaurinsa bai kai nanomita ɗaya ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Yana da ƙarfi ƙwarai, kuma lantarki na ratsa shi cikin sauƙi, shi ya sa ake gwada shi a batura da fenti da siminti, har da binciken magunguna.

Ta yaya zai cutar da ƙwayar halitta?

Jikinku an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da siririn tantani da ya lulluɓe ta. Gutsuren girafin yana da gefe mai kaifi kamar reza. Masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna a 2013 cewa kusurwoyinsa masu tsini ne ke fara huda tantanin, sannan ragowar ya kutsa ciki.

Hanya ta biyu ba ta fito fili haka ba. Wasu nau'o'insa kan sa ƙwayar ta tara wasu sinadaran oksijin masu ɓarna, waɗanda ke lalata abin da ke cikinta, har da kayan gado da ke riƙe da tsarin halittarta. Akwai kuma ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti a huhu. In gutsuren ya fi ƙarfin bakinsu, sai su kasa haɗiye shi, wurin ya kumbura.

Ke nan duk girafin guba ne?

A'a, kuma nan ne ake yawan kuskure. Sunan ya rufe abubuwa daban-daban: akwai tsantsarsa, akwai wanda aka haɗa da oksijin, akwai manya da ƙanana, akwai wanda aka yi wa rufi don jiki ya karɓe shi. Illar ta danganta da girma da yawa da tsabtar haɗi. Yawancin sakamako masu tayar da hankali daga ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji ko daga ɓeraye suka fito, sau da yawa da adadi mai yawa. A 2024 aka wallafa gwajin da aka yi a birnin Edinburgh, inda mutum 14 masu lafiya suka shaƙi wani tsabtataccen nau'i na sa'o'i biyu, ba a ga illa a huhu ko hawan jininsu ba. A ganina wannan labari ne mai daɗi, amma mutum 14 na ɗan lokaci ba su isa a yanke hukunci kan shaƙar shekaru ba.

Wa ya kamata ya damu?

Ma'aikacin da ke sarrafa garin girafin yana shaƙar ƙurarsa. Shi ke buƙatar takunkumi mai inganci da safar hannu da wurin da iska ke fita. Girafin da aka riga aka daskarar cikin roba ko batir ba ya tashi ya shiga hancinku haka kawai. Abin da ke kusa da hanci dai ya cancanci lura: a Afrilun 2021 hukumar lafiya ta Kanada ta janye takunkuman da aka saka wa girafin, daga baya ta sake halatta wasu bayan bincike.

Wataƙila kun ji raɗe-raɗin cewa an zuba shi cikin allurar rigakafin korona. Babu girafin a jerin abubuwan da aka haɗa waɗannan allurai da su.