Abincin Rana Daga Gida: Tattalin Albashi Da Haƙƙin Iyali

Ma'aikacin da ke fitowa daga Basawa da sassafe zuwa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da ɗan kasuwar da ke wuni a rumfarsa a Sabon Gari, duk matsalarsu ɗaya ce idan azahar ta yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya hana komawa gida cin abinci, sai a nufi rumfar mai tuwo.

To, mu yi lissafi. A ce mutum yana kashe Naira 1,500 kowace rana. Cikin kwana 22 na aiki ya kashe Naira 33,000 ke nan, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. Wani ma da bashi yake ci, sai ƙarshen wata a buɗe masa littafi.

Abin da ya fi damunmu shi ne ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida, amma sai ka ga ya ci shinkafa da nama a waje, 'ya'yansa kuwa sun wuni da gāyan tuwo. Suratul Isra'i ta yi hani ga almubazzaranci, ta kuma yi hani ga ƙanƙame hannu. Saboda haka ba rowa muke koyarwa ba. Wanda ya buɗe kwanonsa a ofis, ya kira na kusa da shi.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka kada a dafa abincin mako guda a jibge. Abin da ake tanada ran Lahadi shi ne mai jure ajiya: miyar da aka soya sosai, yaji, garin ɗanwake, ƙuli-ƙuli, garin rogo da busasshen zogale. Shinkafa da wake kuwa a auno su da tiya, a riƙa dafawa bayan asuba a zuba a kula.

Sai dai a kiyaye. Malamanmu na Malikiyya sun ɗora hidimar cikin gida a kan al'ada da halin ma'aurata. Wanda ya ƙara wa uwargida girkin asuba, lalle ne ya ƙara mata kuɗin cefane da na gawayi daga abin da ya rage masa.