Tafiyar Jirgin Sama ta Minti Biyu

A arewacin Sikotland akwai tarin tsibirai da ake kira Orkney, kuma a can ake yin jigilar fasinja ta sama mafi gajarta a duniya. Daga filin jirgin tsibirin Westray zuwa na Papa Westray kilomita 2.7 ne kacal, bai ma kai tsawon titin da jirage ke gudu a kansa kafin su tashi a Heathrow ta Landan ba. Kamfanin Loganair ne ke wannan jigila tun 1967, da ɗan ƙaramin jirgi ƙirar Britten-Norman Islander mai cin fasinja 8. Matuƙi ɗaya ne, fasinjoji na zaune dab da bayansa suna kallon duk abin da hannunsa ya taɓa. Kafin mutum ya gyara zama an sauka, don tafiyar ba ta wuce minti biyu, an ma taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53.

Wanda ya ji wannan zai iya cewa almubazzaranci ne, kuma yana da abin kamawa. Jirgi ya fi shan mai lokacin tashi, ga shi nan tafiyar duka tashi ce da sauka. Majalisar tsibiran ce ke tallafa wa jigilar da kuɗin jama'a, alhali mazauna Papa Westray ba su kai mutum 100 ba, kuma akwai ƙaramin jirgin ruwa tsakanin tsibiran biyu. Sai dai mai wannan suka ya ɗauki zango ɗaya ya mai da shi tafiyar baki ɗaya. Jirgin daga Kirkwall yake tasowa, babban garin Orkney, mai nisan kusan kilomita 40, ya sauke mutane a tsibiri ɗaya, ya tsallaka ɗayan, sannan ya koma, kamar motar haya mai tsayawa a ƙauyuka biyu maƙwabta kan hanyarta ta birni. A Kirkwall asibiti yake. Tsibiran kuwa suna inda Tekun Atlantika ya haɗu da Tekun Arewa, inda igiyar ruwan hunturu kan hana jirgin ruwa fita, kuma ba gada.

Shi ya sa nake ganin ƙirga kilomita ba ya nuna ko tafiya ta cancanci jirgin sama. Abin tambaya shi ne wace hanya ta rage wa mutane idan an soke shi. Faransa ta yi aiki da wannan ma'auni a 2023, lokacin da ta hana jigilar sama tsakanin filin Orly na Paris da biranen Bordeaux, Nantes da Lyon, saboda jirgin ƙasa na kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Paris zuwa Bordeaux kusan kilomita 500 ne, amma soke jirgin bai datse kowa daga likitansa ba. A Papa Westray kuwa da an datse.

Gaskiya ne wasu kujerun 'yan yawon buɗe ido ke cika su, masu son a ce sun hau, ko masu zuwa ganin Knap of Howar, gidajen dutsen da suka haura shekara 5,000. Kuɗin tikitinsu dai yana rage wa majalisa nauyi. Batun hayaƙi ne bai da cikakkiyar amsa tukuna, ko da yake gajeriyar tafiya irin wannan ita ce batir zai fi iya ɗauka, kuma a 2021 kamfanin Ampaire ya gwada jirgi mai haɗa lantarki da mai daga Kirkwall zuwa garin Wick.