Fim na tsakar gida da fim na salula: yadda iyali ke auna abin kallo

Jama'a masu saurarenmu, da ƴan uwa da ke ci-rani a Abijan, Kwatano, Legas ko Libiya, da yawanku kun aiko gida da tele, ko sola da batir, ko salula mai faɗin fuska. Abin da ba ku gani shi ne gardamar da ake yi bayan sallar isha'i, in an shimfiɗa tabarmi an kunna. Kowane gida yana da ma'auninsa na fim, ko da ba a rubuce yake ba.

Ma'auni na farko kunya ce. Za a iya kallon fim ɗin nan maigida na zaune, uwar miji na gefe, yara na gaba? In amsar i ce, ya zama na tsakar gida, shi ne na sama. In akwai wurin da sai wani ya tashi ya ce zai sha ruwa alhali ba ƙishirwa yake ji ba, to fim ya faɗo mataki na biyu, na ɗakin mata ko na fadar samari. Na ukun shi ne wanda mutum ke kallo shi kaɗai a salula, da abin ji a kunne. Wannan ba a kawo sunansa a hira.

Ba sabon abu ba ne. Tun da aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, lokacin da mu a Nijar muka laƙaba wa fina-finan suna "dandalin soyayya", rawa da waƙa ne ke raba kan gida. Matasa da amare su ce fim ba waƙa kamar tuwo ne ba miya, kuma suna alfahari in sun ji muryar Fati Nijar, ƴar Maraɗi. Dattawa su ce a tura gaba. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, amma ikonta a Kano yake, kuma ba duk abin da mai tura fim a kasuwa ke zuba maka a katin memori ne ya bi ta hannunta ba. Tacewar ƙarshe tana hannun tsohuwar gida, wadda kalma ɗaya, "kashe", ta ishe ta.

Sai labari. Nan ne mata suka fi kowa iya hukunci. Ba ruwansu da kyan hoto. Abin da suke tambaya shi ne, haka ake yi? Kishiyar da ke cikin fim ta yi magana irin ta kishiya? An biya wanda aka zalunta hakkinsa kafin a rufe? Shi ya sa Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya daɗe a saman jerin gidaje da yawa, don mutanen cikinsa kamar maƙwabta suke. Labarina na Aminu Saira da Izzar So kuwa sun zo da wata matsala: ba su ƙarewa a dare ɗaya, kowane mako sai an nemi ci-gaba, kuma kowane ci-gaba kuɗin intanet ne ko na turawa, ga caji. A gidan da batir ke ɗaukar awa biyu, fim mai jan rai da yawa yakan sauko ƙasa, komai daɗinsa.

Yara nasu daban ne: faɗa da dariya. Indiya-Hausa ta gama da su, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma, da ya rasu a 2014, har yau shi ne ke haɗa kaka da jika a tabarma ɗaya. Ni dai a ganina, kada a raina ƙuri'ar yara, domin su ne ke maimaita maganganun fim da safe a hanyar lakkwal. Abin da suka haddace, shi ne ainihin abin da ya shiga gidan.

Jerin ma yana juyawa da lokaci. Da azumi wasu gidaje kan ajiye na waƙa gaba ɗaya. Da damina, wanda ya yini a gona ba ya kai rabin fim ido biyu, sai gajeren barkwanci ya hau sama.

Don haka ɗan ci-rani, kafin ka cika kati da fina-finai ka ba direba ya kawo, kira gida ka tambayi Inna wanne ne ta ce a kashe a makon jiya.