Zafi da Gumi a Motar Haya: Daga Taminus Zuwa Bukuru

Wanda bai san Jos ba, idan aka ce masa mutane suna fama da zafi a can, zai yi mamaki. Ai Jos garin sanyi ne. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, kuma duk sa'ad da mutum ya hau sama da mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kamar digiri 6. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40 a Kano da Sakkwato, a Jos yakan tsaya kusa da digiri 30. A watan Disamba da Janairu kuwa, ɗalibi ba ya fita da safe sai da rigar sanyi.

To, amma je ka Taminus da ƙarfe biyu na rana a watan Maris. Shiga bas mai zuwa Bukuru, ka zauna kana jiran ta cika. Kafin kwandasta ya samo fasinja na ƙarshe, za ka ji rigarka ta manne a bayanka, gumi yana gangarowa ta bayan kunnenka. Wataƙila ma kana sanye da rigar sanyin da ka fito da ita tun da asuba. Sanyin safiya shi ne yake yaudarar mutumin Jos, ya fito bai shirya wa zafin rana ba.

Taminus ita ce tsakiyar kasuwancin Jos. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin inda layin dogo ya ƙare. Jirgin ƙasa ya fara isowa Jos daga Zariya a shekarar 1914 domin kwasar kuza, sannan babban layin dogo ya iso ta Kafanchan a 1927. Daga baya aka gina babbar kasuwa a wurin, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairu na 2002. Tun daga lokacin 'yan kasuwa da yawa suka koma baje kayansu a bakin tituna, hanya ta ƙuntata, motoci suka rage gudu. Da aka hana acaɓa a cikin gari a 2012, sai keke napep ya yawaita. A yau idan ka tsaya a shataletalen Taminus, za ka ga bas da tasi da keke suna lodi zuwa Farin Gada da Titin Bauchi da Titin Rukuba da Bukuru. Cunkoson nan yana da alaƙa da zancenmu, domin motar da take tsaye ta fi motar da take tafiya zafi ƙwarai.

Me ya sa cikin mota ya fi waje zafi? Da farko akwai rana, wadda take dukan rufin ƙarfe, kuma haskenta yana ratsa gilashi ya ɗumama kujeru, zafin ya kasa fita. Sannan akwai inji. A ƙananan bas-bas da yawa injin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, wanda ya zauna kusa da shi yakan ji ɗumi yana tasowa ta ƙafafunsa. Abu na uku shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato fasinjojin da kansu. Jikin babban mutum, ko da yana zaune ba ya yin komai, yana fitar da zafi kamar na ƙwan lantarki mai wat 100. Lissafa da kanka: mutum 14 a cikin bas ɗaya sun kai wat 1,400. Kamar an kunna dutsen guga na lantarki ne a tsakiyar motar aka bar shi.

Yanzu mu dubi abin da jikinka yake yi. Zafin jikin ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne kusa da digiri 37, kuma jiki ba ya yarda ya wuce haka sosai. Da zarar ya fara hawa, sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, jini ya ƙaru a kusa da fata, ƙofofin gumi su buɗe. Waɗannan ƙofofi sun fi miliyan 2 a jikin mutum ɗaya. Ruwan da suke fitarwa Hausawa suna kiransa gumi, ko zufa, ko jiɓi. Duk ukun abu ɗaya suke nufi, za ka ji kowanne gwargwadon garin da ka je.

A nan akwai abin da ya kamata ka fahimta da kyau, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara. Fitowar gumi ba ita ce take sanyaya jiki ba. Bushewarsa ita ce take sanyayawa. Ka tuna da randa, wato babbar tukunyar ƙasa da ake ajiye ruwan sha a cikinta. Idan ka taɓa jikinta za ka ji danshi, saboda ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu. Iska tana busar da wannan danshi, kuma yayin da yake bushewa yana tafiya da zafin ruwan da yake ciki. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi ba tare da wutar lantarki ba, shi ya sa kuma ake ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa. Da za ka naɗe randar da leda, da ruwanta ya daina sanyi. Fatarka ma haka take aiki. Gumin da ya bushe a jikinka ya tafi da zafi. Wanda ya ɗiga ƙasa, ko ya taru a ƙarƙashin riga mai kauri, hasara ce kawai: ka rasa ruwa, ba ka sami sanyi ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa a cikin damina wani lokaci mota takan fi wahalar zama. Jos tana samun ruwan sama mai yawa daga Afrilu zuwa Oktoba. Da an fara yayyafi sai a rufe tagogi, mai keke ya sauke labulen leda, numfashin mutane da jiƙaƙƙun kaya su cika iska da danshi. Iskar da ta ƙoshi da ruwa ba ta iya ɗaukar wani, sai gumi ya zauna a fata. A lokacin hunturu kuwa iska busasshiya ce, gumi yana bushewa nan da nan har ba ka ganinsa. Wannan ma yana da nasa haɗari, domin kana rasa ruwa ba ka sani ba.

Idan ka gane wannan, dabarun ba su da wuya. Fara da tufafi. Kada ka sa rigar sanyi a ƙarƙashin rigar makaranta, ka sa ta a sama, yadda za ka iya tuɓe ta tun kafin ka shiga mota. Da ka shiga aka matse ka hagu da dama, ko hannu ba za ka iya ɗagawa ba. Yadin auduga, irin su atamfa da farin yadi marar nauyi, yana shan gumi kuma yana barin iska ta shiga. Yadin roba mai santsi yana riƙe zafi kamar ledar da aka naɗe randa da ita. Riga mai faɗi ta fi matsattsiya, fara kuma ta fi baƙa a cikin rana. Ɗaliba mai sa hijabi ta zaɓi na yadi marar kauri. Jakar littattafai kuma ka sauke ta daga bayanka ka ɗora a cinya, don bayanka ya sha iska.

Wurin zama ma yana da tasiri, kuma a nan ɗan ilimin labarin ƙasa zai amfane ka. Bukuru tana kudu da Jos. Wanda ya fuskanci kudu, gabas tana hagunsa, yamma tana damansa. Saboda haka idan ka tashi daga Taminus bayan azahar, rana za ta riƙa dukan ɓangaren dama na motar, sai ka nemi tagar hagu, wato ɓangaren direba. Mai tahowa daga Bukuru da safe yana fuskantar arewa, gabas tana damansa, shi ma hagu ya fi masa. Hanya tana da lanƙwasa, amma yawancin tafiyar haka take. Idan kuma motar ba ta kusa cika ba, ba dole ne ka zauna a ciki kana dahuwa ba. Kana iya gaya wa kwandasta ya riƙe maka wuri, ka tsaya a inuwa inda yake ganinka.

Ba kullum za ka sami taga ba. Sau da yawa wani ne zai riga ka, kuma wataƙila dattijo ne mai gudun iska. A Taminus za ka haɗu da Birom da Anaguta da Afizere da Ngas da Ibo da Yarabawa da Hausawa a mota ɗaya, kuma galibi Hausa ce take haɗa su magana. Kada ka miƙa hannu ta gaban babba ka ja gilashi. Ka ce, "Baba, don Allah a ɗan buɗe taga," ko "Mama, a taimaka mana da iska kaɗan." Lura da cewa ba a ce "ka buɗe" ba, an ce "a buɗe", domin haka ya fi ladabi. Da wuya a hana wanda ya roƙa ta wannan hanya. Ka riƙe hankici na auduga don goge fuska da wuya, da maficin kaba ko littafin rubutu don fifita. Fifita ba ta rage zafin iskar mota, amma tana kawar da iska mai danshi daga fatarka, gumi ya sami damar bushewa.

Sai maganar ruwa. Gumin da ya fita dole a mayar da madadinsa. Wasu fasinjoji suna ƙin shan ruwa don kada su yi gumi, ko don gudun jin fitsari a hanya. A tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, wannan kuskure ne. Ka sha ruwa kafin ka bar gida ko makaranta, kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Ledar ruwa da ake sayarwa a tasha rabin lita ce, gara ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan da ka shanye ta gaba ɗaya. Kankana da lemo da gurji ma suna da ruwa mai yawa. Idan kana son sanin ko ruwan jikinka ya isa, dubi launin fitsarinka: mai haske alama ce ta lafiya, wanda ya yi duhu yana cewa ka ƙara ruwa. A shekarar 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a cikin watan Maris, daidai lokacin bazara. Mai azumi ba zai sha ruwa a hanya ba, don haka ya sha isasshe tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma ya guji tafiyar tsakar rana in da hali.

Ɗalibai da yawa ba zafin ne ya fi damunsu ba, kunyar wari ce. Ka sani cewa gumi da kansa ba shi da wari. Ƙwayoyin cuta da suke zaune a fata, musamman a hammata, su ne suke sarrafa shi har ya yi ɗoyi. Maganin abin shi ne wanka da sabulu, da sauya rigar ciki kowace rana, da shanya tufafi su bushe sarai. Wasu suna shafa alimun a hammata bayan wanka, dabara ce tsohuwa mai araha. Amma zuba turare mai ƙarfi a kan rigar da ta kwana da gumi ba ya gyara komai, sai ma ya sa wa na kusa da kai ciwon kai.

Akwai lokacin da abin yake wuce rashin jin daɗi ya zama ciwo. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko ƙafafunka sun yi sanyi kamar ba za su ɗauke ka ba, kada ka yi shiru don jin nauyin mutane. Ka ce, "Direba, akwai sauka, ba na jin daɗi." Sauka ka zauna a inuwa, ka sassauta tufafinka, ka jiƙa fuska da wuya, ka sha ruwa a hankali. Idan ka isa gida kana jin kasala, haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Wanda ya fi wannan tsanani shi ne idan zafin jiki ya haura digiri 40. Mutum yakan ruɗe, ya riƙa magana ba kan gado, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, wani lokaci ma gumin ya ɗauke. Wannan yana iya kisa. A fitar da shi zuwa inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a yi ta yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, domin yana iya shaƙe shi. Tsofaffi da masu juna biyu da jarirai su ne zafi ya fi saurin kayarwa. Jaririn da aka goya, aka lulluɓe shi da zane da tawul saboda sanyin safe, ba shi da bakin da zai ce zafi ya dame shi. Idan ka ga mai goyo a tsakiyar mota kai kuwa kana bakin taga, ba ta wurinka.

Da ka sauka a Bukuru da yamma, wani abu kuma yana jiranka. A kan tudun Filato, rana tana yin ƙasa iska take juyawa ta yi sanyi, kai kuwa rigarka a jiƙe take. Gumin da ya ƙi bushewa a cikin mota yanzu zai bushe da sauri, har ka fara rawar ɗari. Goge wuyanka da bayanka da hankici, ka ɗan tsaya jikinka ya sha iska, sannan ka ciro rigar sanyin nan daga jaka ka sa.