BYM: Ƙaramar Jam'iyyar da Ta Girgiza En'e a Yerwa

A majalisun shayi na Gwange, idan hirar siyasa ta kaure, APC da PDP ne a bakin matasa. Dattawa kan kai ga GNPP ta Waziri Ibrahim, wadda ta ci Borno a 1979. Kafin duk waɗannan an yi wata 'yar jam'iyya a Yerwa, wato Maiduguri, wadda ta hana masu mulki barci: Ƙungiyar Samarin Borno, BYM, da aka kafa a 1954.

Ba jam'iyyar kwaminis ba ce. Mai wannan aƙida tsantsa a Najeriya ita ce SWAFP ta Dokta Tunji Otegbeye, da aka kafa a 1963 da ƙarfinta a Legas. Ta shiga zaɓen 1964, ko kujera ɗaya ba ta samu ba. BYM kuwa ba ruwanta da littattafan Markis. Kukanta na gida ne: nauyin haraji da jangali, danniyar 'yan doka, da kotun alƙali wadda talaka ke shiga gabansa na faɗuwa. Wannan ne ya haɗa ta ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano.

Tauraron BYM ya haska a 1956, lokacin da Ibrahim Imam, wanda ya ajiye muƙamin babban sakataren jam'iyyar NPC a 1954, ya shigo cikinta. Ba ƙaramin kamu ba ne. Mutumin ya yi Kwalejin Katsina, ya yi aiki a En'en Borno, ya san ciki da bai na gidan da ya baro, ga shi da baki. A zaɓen Majalisar Jihar Arewa na wannan shekara BYM ta ci kujeru 2, Imam ya zama jagoran 'yan adawa a Kaduna. Kujeru 2 kamar ba komai ba ne, amma a ƙasar Shehu aka ci su, a zamanin da hakimi kan san wanda kowane magidanci yake bi, kuma mata ba su da ƙuri'a.

Daga nan al'amura suka dagule. A 1958 BYM ta raba gari da NEPU ta rungumi AG ta Awolowo, wadda ta fi kuɗi da lauyoyi. Lissafin bai fita ba, domin NPC ta samu abin faɗa: an sayar da Borno ga 'yan Kudu. Rikici ya ɓarke a Maiduguri, magoya baya suka sha kamu da ɗauri, wasu suka bar gari. Zaɓen tarayya na 1959 ya zo, BYM ta tashi a tutar babu.

Imam kansa sai ƙasar Tibi ya nufa a 1961, inda ƙawayensa na UMBC suka ba shi mazaɓa, ya koma majalisa da ƙuri'un Tibabe. A 1966 sojoji suka soke jam'iyyu baki ɗaya, har da BYM da SWAFP.