Hawan Tsauni: Daga Dala da Azbin Zuwa Masaukan Alps

Wanda ya tashi a Mashi, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, idonsa ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Gonakin gero da dawa da gyaɗa ne suka miƙe har iyakar Nijar, ga kuka da gawo jefi-jefi, sai 'yan duwatsun da yaro mai kiwo zai haye ya sauko kafin hantsi. Tudun yankin gaba ɗaya kimanin mita 500 ne daga saman teku. Ba abin mamaki ba ne in mutumin nan ya riƙe baki da jin cewa akwai masu tara kuɗi su tafi hawan dutse na mako guda, suna kwana a ɗakunan da aka gina cikin ƙanƙara. Sai dai abin yana da tsari. Dogon tsauni ba ya hawuwa da ƙarfin ƙafa kaɗai: yana buƙatar ɗan jagora, da sanin lokaci, da wurin yada zango.

Duwatsun gida

Bahaushe ba baƙon dutse ba ne. A gindin Dala aka kafa Kano, kuma tarihin birnin ya ambaci Barbushe, wanda yake hawa dutsen don ganawa da Tsumburbura. Yau matakala ce ke kai mutum samansa, mita 534 daga saman teku, inda ake hango Goron Dutse da sauran ganuwar birni. Zariya na da Kufena, Zamfara na da Kwatarkwashi. Alhazai da yawa kuma sun san gumin da ake yi kafin a isa Kogon Hira a kan Jabalun Nur. Amma duk waɗannan hawan yini ɗaya ne, a hau a sauko a kwana a gida.

Tsaunukan gaske suna arewa, a ƙasar Azbin, wadda Gobirawa ke cewa daga can kakanninsu suka gangaro. A can Bagzan yake, wani makeken tudu mai gefe a tsaye, wanda ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2,022. Babu inda ya fi ta tsawo a duk Nijar. A samansa akwai ƙauyukan Buzaye da lambuna, domin maɓuɓɓugan ruwa da sanyin wurin suna ba da albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, kuma jakuna ne suka daɗe suna saukowa da amfanin ta ƙananan hanyoyi cikin duwatsu. Kafin tawayen 2007 ya tsayar da harkar, masu yawon buɗe ido kan taso daga Agadas su yi kwanaki suna tattaki a nan, Buzaye na yi musu jagora.

Wani matafiyi da ya ratsa wannan yanki ya ɗanɗana kuɗar hawan dutse ba jagora. A watan Yulin 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya nufi dutsen Idinen kusa da Ghat a Libiya shi kaɗai, duk da Buzaye sun gargaɗe shi cewa mazaunin aljanu ne. Ya hau, ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya tsinto shi washegari, rai a hannun Allah. Bayan ya ratsa Azbin ya biyo ayarin gishiri, ya iso Katsina da Kano a farkon 1851.

Yadda aka soma a Alps

Hawan tsauni don sha'awa ya samo asali ne a tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Siwizalan da Italiya da Ostiriya da kudancin Jamus. A 1760 wani masanin kimiyya na Janiba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar kaiwa saman Mont Blanc, mai tsawon kimanin mita 4,800. Shekara 26 aka yi ladar na jira. Sai ranar 8 ga Agustan 1786 wani likita, Michel-Gabriel Paccard, da wani maharbi, Jacques Balmat, suka taka ƙololuwar. A 1821 'yan jagoran garin Chamonix suka kafa ƙungiyarsu, a 1857 kuma aka buɗe kulob na masu hawan tsauni a Landan.

Ba da daɗewa ba tsaunukan suka nuna haɗarinsu. A 1865 Edward Whymper da abokan tafiyarsa shida suka zama na farko a saman tsaunin Matterhorn, amma a wajen saukowa ɗaya ya zame ya ja uku, igiya ta tsinke, huɗun suka halaka.

Masauki a cikin ƙanƙara

Abin da ya buɗe tsaunukan ga gama-garin mutane shi ne masauki. Kamar yadda fatake suke yanka doguwar hanya zango-zango, haka ƙungiyoyin masu hawan tsauni suka rarraba hawan, suka gina ɗaki a inda gajiya ke cimma mutum. Ƙungiyar Siwizalan ta gina na farko a 1863, shekarar da aka kafa ta, a gefen tsaunin Tödi. Yanzu tana da sama da 150. Ta Jamus, wadda aka kafa a 1869, tana da sama da 300. Wanda ya fi duk masaukan Alps tudu shi ne masaukin Margherita a kan Monte Rosa, mita 4,554, wanda aka buɗe a 1893 aka sa masa sunan sarauniyar Italiya, ita ma da ta hau har can a shekarar.

Zaman masaukin yana da ƙa'ida. Baƙo kan kama gurbi tun kafin ya taso. In ya iso, a ƙofa zai tuɓe takalmin hawa. Ɗakin kwana na haɗaka ne, gadaje jere, wani bisa wani. Mai kula da wurin ne ke dafa abincin dare, kowa ya ci a lokaci guda, a kashe fitila da wuri. Kayan abinci da gas jirgi mai saukar ungulu ke kawowa a wurare da yawa, ruwa kuwa na sama ne ko na narkakkiyar ƙanƙara, shi ya sa ake tsimi da shi. Yawancinsu daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba suke aiki, amma da hunturu akan bar ɗaki ɗaya a buɗe da barguna da murhu, saboda wanda guguwa ta ritsa da shi.

Masu nufin ƙololuwa tun cikin dare suke fita da fitila a goshi. Dalili biyu ne. Da asuba ƙanƙara na daskare, tana ɗaukar nauyin mutum tana riƙe duwatsu, in rana ta ɗaga kuwa sai ta saki. Sannan hadari da tsawa sun fi tasowa da la'asar. A Siwizalan allunan hanya ruwan ɗorawa ne, kuma awa nawa za a yi suke faɗa maimakon kilomita nawa, tunda mai tafiya a tsanake mita 300 zuwa 400 yake hawa a awa guda. Fenti fari da ja a jikin dutse na nufin hanyar tsauni, fari da shuɗi kuma hanyar da sai ƙwararre.

Abin da jiki ke gamuwa da shi

Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. Iska ma tana sirancewa. Daga wajen mita 2,500 wasu kan fara ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, kuma ciwon bai san ƙato ba, bai san ɗan wasan motsa jiki ba. Maganinsa hawa a hankali, in ya tsananta kuma a sauko nan take.

A nan amfanin masauki na biyu yake. A kan Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, numfashi ɗaya a ƙololuwa kusan rabin iskar oksijin ɗin bakin teku yake bayarwa. Hanyar Marangu tana da masaukai uku, Mandara da Horombo da Kibo, kowanne ya ɗara na ƙasansa da kusan mita 1,000. Masu lura kan ƙara kwana ɗaya a Horombo don jiki ya saba, dokar ƙasar kuma ta hana hawa ba ɗan jagora mai lasisi.

Gangirwal

Nijeriya ma tana da nata. A iyakar Taraba da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, akwai Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mai mita 2,419, ƙololuwar ƙasar nan. Ɗan Mashi da zai je can zai bi ta Jalingo ya haura tudun Mambila, ƙasar sanyi da hazo da shanun Fulani da gonakin shayi. Lokacin hawan rani ne, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da rafuka suka ja baya.

Irin jerin masaukan Alps babu su a wannan hanya. Mai hawa da tantinsa yake zuwa, ya nemi izinin hukumar gandun, ya ɗauki ɗan jagora da 'yan dako daga ƙauyukan gindin tsaunin, su yi kwanaki a ƙafa. Da za a gina ko da ɗakuna biyu a kan hanyar, da rufi mai kyau da tankin ruwa da mai kula daga cikin mutanen yankin, da ɗaliban makarantun Katsina da Daura sun iya zuwa ayari guda lokacin hutu, 'yan jagoran Mambila kuma su sami sana'ar da za ta riƙe su duk rani.