Idan Kwamfutar Situdiyo Ta Ƙi Shiga Domen

'Yan uwa masu situdiyon tace fim da haɗa waƙa, ga aiki a kan saba, ga furodusa na jira, kwamfuta kuma ta ƙi shiga domen ɗin ofis. Ni dai abu biyu nake fara dubawa.

Na farko DNS. In an saita shi a 8.8.8.8 na Google, za ta hau intanet lafiya lau, amma ba za ta ga sabarku ba, don Google bai san da ita ba. Ku sa lambar IP ɗin sabar.

Na biyu agogo. A Windows, in lokacin kwamfuta da na saba suka bambanta da fiye da minti 5, ba shiga. Mataccen batirin CMOS kan jawo haka, musamman bayan an ɗauke wuta.

Ku duba waɗannan kafin wani ya ce a yi fomatin, aikin wata guda ya salwanta.